Idon maigidana ya yi ruwan ɗorawa, likita ya ce bai gano dalili ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Rigasa, 'ya'yana uku, ga kuma cikin wata shida. Maigidana tela ne, shekarunsa 39. Bayan Babbar Sallah da kamar mako biyu ya fara kasala da rashin cin abinci da ɗan zazzaɓi sama-sama. Muka ɗauka gajiyar ɗinkin Sallah ce, don ya kusa wata guda yana kwana a shago. Wata safiya ina miƙa masa kunu a tsakar gida sai na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Fitsarinsa ya yi kamar baƙin shayi, yanzu kuma ƙaiƙayi yana hana shi barci, duk ya yagule jikinsa.

Mun je wani ƙaramin asibitin kuɗi. An gwada maleriya babu, ciwon hanta na B babu, aka ce akwai taifot kaɗan, aka ba shi maganin kwana bakwai. Ya shanye, ido yana nan yadda yake. Da muka koma sai likitan ya ce gaskiya bai gano abin da ya kawo shawarar ba, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a ƙara gwaje-gwaje a yi hoton ciki. Tun ranar gida ya rikice. Surukata ta ce dama shawara ba ciwon asibiti ba ce, ga likita ma ya faɗa da bakinsa, kuma duk mai shawarar da aka yi wa allura ba ya tashi. Ta sa an kawo jiƙo daga ƙauye yana sha safe da yamma, ta hana shi nama da ƙwai da mai, daga rake sai kunu. Ƙanwarsa ta ce sammu ne, abokin shagonsa take zargi. Shi kuma ya ce kuɗinsa sun tafi a banza, ba inda zai ƙara zuwa, kuma ba zai saɓa wa mahaifiyarsa ba. Yau kwana 23. Na ware masa kwano da kofi saboda yara, ya ji haushi har ya daina yi min magana sosai. Anti, shawara tana da magani a asibiti? Ni da yara za mu ɗauka? Yaya zan yi da surukata ba tare da an ce na raina ta ba?

Daga wata 'yar'uwa a Rigasa, Kaduna.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, sannu da nauyin jiki, Allah ya ba maigida lafiya ya sauke ki lafiya. Hausa ta yi mana wasa yau, kin zo neman shawara a kan shawara, to bari mu bi ta a hankali, don kusan duk rikicin gidanku daga jimla ɗaya ya taso, wadda likita ya faɗa da wata manufa, mutanen gida suka ji ta da wata.

Da likitan ya ce bai gano dalili ba, abin da yake nufi shi ne gwaji uku ɗin da ya yi ba su nuna masa komai ba, kuma kayan aikin da ake bukata don ci gaba da bincike sun fi ƙarfin asibitinsa. Ni a wurina wannan likita ya kyauta muku. Da yawa a matsayinsa da sun ci gaba da rubuta magani kan magani, su ɗaura ƙarin ruwa mai launi, su karɓi kuɗi har aljihu ya bushe. Shi ya tsaya inda saninsa ya tsaya, ya miƙa ku gaba. Takardar nan da ya ba ku, ki ciro ta duk inda aka cusa ta, ita ce abu mafi daraja da kuka samu da kuɗin da maigida yake ganin sun tafi a banza. Kuma ba su tafi a banza ba: an rage ƙarfin zato biyu daga cikin jerin abubuwan da ake zargi.

Shawara ita kanta ba cuta ba ce, alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Jajayen ƙwayoyin jinin da ke jikinmu suna yin kamar kwana 120 su tsufa su mutu. Idan suka farfashe, sukan bar wani sinadari mai launin rawaya da ake kira bilirubin. Aikin hanta ne ta kwashe shi daga jini, ta sarrafa shi, ta zuba shi cikin ruwan ɗacin da ke taruwa a madaciya, daga nan ya bi wata siririyar hanya ya sauka cikin hanji ya fita da bayan gida. Shi ne ma yake ba bayan gida launinsa. Kullum haka ake yi a jikinki da nawa ba mu sani ba. Ranar da wannan sinadari ya taru a jini fiye da kima, sai ya rina farin ido, sannan fata da tafin hannu.

Kin san yadda layinku yake cika da ruwa a watan Agusta. Wani lokaci ruwan saman ne ya yi yawa har ya fi ƙarfin kwata, ko da lafiyarta ƙalau. Wani lokaci kwatar ce ta rufta a tsakiya. Wani lokaci kuma ruwan daidai ne, kwatar ma daidai, amma can ƙasa leda da robobi sun toshe bakin kwalbati, ruwa ya dawo da baya ya shiga gidaje. Wanda ya leƙo daga zaure abu ɗaya zai gani, layi ya cika, amma gyaran kowanne daban. Haka shawara take. Ko dai jini ne yake farfashewa da sauri fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, kamar yadda yake faruwa a maleriya mai tsanani, da masu sikila, da masu wani rauni na gado a ƙwayar jini da ake kira ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a mazan ƙasarmu kuma wasu magunguna ko ƙwallon kafur na cikin akwatin kaya kan tayar da shi. Ko kuma hantar ce da kanta ta kumbura, saboda ƙwayoyin cutar hanta na A ko B ko C ko E, ko wani magani, ko giya, ko zazzaɓin shawara wanda sauro ke yaɗawa, wanda muke jin labarinsa a rediyo da wannan suna har mutane suna ɗauka duk shawara ita ce. Ko kuma hanyar da ruwan ɗaci ke bi ce ta toshe, da tsakuwar madaciya ko wani ƙari da ya danne ta. To ki gaya min, ta yaya jiƙo guda zai gyara waɗannan duka? Tsakuwar da ta tokare hanya ba ruwanta da abin da aka jiƙa a tulu.

Wasiƙarki ta ƙunshi abubuwa biyu da likita mai hankali zai ɗaga kunne idan ya ji: fitsari kamar baƙin shayi, da ƙaiƙayi mai hana barci. Idan suka haɗu, sun fi karkata ga cewa matsalar a hanta take ko a hanyar madaciya, ruwan ɗacin yana komawa cikin jini, ƙoda tana ƙoƙarin fitar da shi ta fitsari. Farfashewar jini ba ta cika kawo ƙaiƙayi ba. Akwai kuma wata shawara ta gado marar illa da kan leƙo a idon wasu idan sun yi azumi ko sun gaji ta koma da kanta, amma ita ba ta baƙanta fitsari, ba ta sa susa, don haka kada wani ya lallashe ku da ita. Abu na uku da ba ki faɗa ba, na san kuma kunya ba za ta bari ki tambaya kai tsaye ba, shi ne launin bayan gidansa. Ki nemi dabarar da za ki sa ya duba da kansa. Idan ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, alama ce ruwan ɗaci ba ya isa hanji, kuma hoton ciki ya zama na gaggawa. Wannan amsa guda tana iya rage wa likita rabin aiki.

Maganar taifot kaɗan kuwa, kada ki ɗora mata nauyi. Gwajin da aka fi yi a ƙananan asibitocinmu, wanda ake kira Widal, ya shahara da nuna akwai inda babu. In aka tare mutum goma masu lafiya a bakin Kasuwar Barci aka gwada su, da wuya a rasa waɗanda za a ce suna da shi. Ga shi kuma ya shanye maganin ido bai washe ba.

Shi ma gwajin ciwon hanta na B da aka ce babu, labari ne mai daɗi, amma bai rufe babin ba. Irin na nan-take ne da ake ɗiga jini a ɗan tsinke, ya kamata a maimaita shi a babban ɗakin gwaji tare da ɗan'uwansa da ke nuna sabon kamu, don akwai ɗan lokacin da na farkon kan ɓace alhali cutar ce ta kawo shawarar. Dalilin da ya sa likitoci ke nacewa a kansa shi ne yawansa a cikinmu: babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, mafi yawansu ba su sani ba. Sannan ba a gwada C ba, ba a gwada A da E ba, waɗanda ke shigowa ta gurɓataccen ruwa da abinci. Mutumin da ya yi wata guda yana kwana a shago, yana cin abincin bakin titi yana shan duk ruwan da ya samu, ai dole a duba masa waɗannan.

Yanzu ga inda nake so ki fi mai da hankali, don nan ne ke kike da abin yi wanda likita ba zai iya ba. Na san telolin Kaduna a makon Sallah. Baya yana ciwo, ido yana yaji, masu kaya suna tsaye a kai, sai a aiki yaro kemis ya haɗo na ciwon jiki, a kora da lemon ƙara kuzari, a koma kan keke har asuba. Parasitamol da muke raina wa, lafiyayyen babban mutum bai kamata ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini ba, kuma sau da yawa yana ɓoye a cikin maganin mura da na ciwon jiki, mutum ya ninka bai sani ba. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su Augmentin, kan kawo shawara mai ƙaiƙayi makonni bayan an gama shan su. Magungunan tarin fuka ma sanannu ne a wannan. Ga kuma na gargajiya da ake tallarsu da lasifika a tasha, na basir da na sanyi da na maza, waɗanda ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Ki samu baƙar leda, ki tattara duk wani kwali da sache da kwalba da kika gani a ɗaki, a aljihun rigunansa, ki aika a duba durowar shago, har waɗanda suka ƙare. Ki ɗebi jiƙon Hajiya surukarki a ƙaramar gora, da sassaƙen da aka jiƙa in akwai saura. Duka za su bi ku asibiti. Kuma in an shiga wurin likita, bayan kin faɗi naki, ki ce za ki je ki sha iska, ki bar su su biyu. Akwai abin da namiji ba zai faɗa a gaban matarsa ba, ba don ya zama mugun abu ba, kunya ce kawai, kuma wataƙila amsar tana cikin abin da zai faɗa bayan fitarki.

A babban asibiti abin da za su fara da shi ba shi da yawa. Gwajin aikin hanta, wanda za ki ga an rubuta LFT a takarda, shi ne zai nuna yawan bilirubin ɗin da kuma irinsa, wanda hanta ta riga ta sarrafa ne ko wanda bai kai gare ta ba, sannan ya nuna ko naman hantar ne ya ji rauni ko hanya ce ta toshe. Gwajin ƙirga ƙwayoyin jini zai nuna ko jini yana raguwa. Akwai na saurin daskarewar jini, wanda yake faɗin ƙarfin da ya rage wa hanta fiye da yadda launin ido zai faɗa. Sai hoton ciki, irin wanda ake miki a wurin awo, a shafa mai a goga na'ura, babu allura babu yanka. Ana so a je shi da yunwa, kamar awa shida zuwa takwas ba a ci komai ba, don madaciya ta cika ta fito sosai. Waɗannan huɗun, a mafi yawan mutane, sun isa su nuna wace kwata ce ta lalace. Idan kuɗi ba su kai a yi komai rana ɗaya ba, ki buɗe baki ki ce wa likita, ga abin da muke da shi, wanne za mu fara? Ba abin kunya ba ne, kullum suna jin wannan tambaya. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana nan tsakiyar gari, Asibitin Yusuf Ɗantsoho yana Tudun Wada kusa da ku, in kuma abin ya bukaci ƙwararrun hanta da manyan na'urori, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. Ku bi inda takardar ta ce, ku yi sammako, don layin kati ba ya jiran kowa.

Kin tambaya ko akwai magani. Idan an san dalili, mafi yawansu akwai. Tsakuwa ana cire ta. Ciwon hanta na C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin kamar mako 12. Na B, manya da suka kamu sabo, fiye da 90 cikin 100 jikinsu yana korar shi da kansa, wanda kuma ya zauna masa fiye da wata shida akwai maganin da ke danne shi ya kare hanta. Na A da na E galibi hutu da abinci da sa ido ne, su wuce. Idan magani ne ya jawo, dainawa ita ce maganin. Ba zan ɓoye miki ba, a cikin jerin akwai masu nauyi irin su ƙari, kuma su ne ma suka fi bukatar a gano da wuri. Yakan kuma faru a gama zagayen farko ba a kama komai ba. In haka ta faru ba a sallami mutum ba ke nan, akan riƙa maimaita gwajin hanta bayan mako ɗaya ko biyu a ga lambobin suna sauka ko suna hawa, a ƙara wasu gwaje-gwajen, wani lokaci a ɗauki hoto mai zurfi. Wasu ma har su warke sarai ba a sa wa abin suna ba. Bambancin wannan da zaman gida shi ne akwai mai kallon lambobin, in suka juya za a gani kafin jiki ya nuna.

Wannan da na ce wasu na wucewa da kansu, shi ne sirrin da ya sa Hajiya take da yaƙini. Ba ƙarya take yi ba in ta ce ta ga an sha jiƙo an warke. Ta gani. Yaro ya yi shawara irin ta gurɓataccen ruwa, aka ba shi saiwar rawaya, bayan mako uku ido ya washe, aka yaba wa saiwa, alhali ko ruwan randa ya sha haka zai warke. Waɗanda suka sha ba su tashi ba kuwa, aka ce kwana ne ya ƙare. Maganar allura ma tana da tushe. Idan hanta ta yi rauni sosai jini ba ya daskarewa da wuri, allurar tsoka na iya tara jini, kuma akwai magungunan sa barci da ke jefa mai ciwon hanta cikin suma. Likitocin babban asibiti sun san haka, shi ya sa su da kansu suke kaffa-kaffa da allura ga mai shawara. Mai kemis da ke soka wa kowa allura a bayan kanta shi ne bai sani ba. Ƙari a kan haka, mutanenmu ba sa kai mai shawara asibiti sai ya fara fita hayyacinsa, a sa masa ruwa ya cika da daddare, a dawo gida a ce allura ce. Don haka tsoron Hajiya tsoron uwa ne da ta taɓa ganin gawa, kada ki ɗauke shi jahilci, kada kuma ki yarda ya hana tafiya.

Jiƙon dai ya kamata a dakatar da shi, in faɗa miki ba kwana-kwana. Duk abin da aka haɗiya, na bature ko na gargajiya, ta hanta yake bi, hantar da a yanzu take numfashi da kyar. Ba wanda ya auna ƙarfinsa, yau ya yi kauri gobe ya tsinke, kuma zai iya rikita sakamakon gwaji a kasa bambance ciwon asali da abin da jiƙon ya ƙara. Amma ba ke za ki faɗi wannan ga surukarki ba, kuma kada ki kuskura ki riƙa zubarwa a ɓoye, ranar da aka kama ki an gama, komai ya same shi ke ce. Ki nemi wanda take jin maganarsa, yayan maigida ko kawunsa ko limamin da take girmamawa, ki same shi ki karanta masa wannan amsa in kin ga dama. Abin da za a roƙe ta kaɗan ne: a ajiye jiƙon mako biyu a yi hoto da gwajin jini, ba allura za a yi ba. Ke kuma naki shi ne ki durƙusa ki ce, Hajiya, ni tsoro nake ji, ga ciki ga yara, ki taimake ni ki raka mu, ke ce za ki fi ni iya yi wa likita bayanin yadda yake tun yana yaro, ko ya taɓa yin shawara, ko akwai mai irinta a dangi. Wannan ba daɗin baki ba ne kawai, tambayoyi ne da likita zai yi, kuma ita kaɗai ke da amsarsu. Uwar da aka ba kujera a gaban likita ta yi tambayarta ta allura da bakinta, ta fi sauƙin sauka a kan wadda aka bari a gida tana jiran a dawo a gaya mata an ƙi maganarta. In ta ƙi zuwa, a nemi izininta da addu'arta a tafi. In ta ƙi ba da izinin ma, to yayan nasa ya ɗauke shi a matsayin shi ya yanke, laifin ya hau kan ɗanta, wanda za ta yafe wa kafin la'asar.

Ki bar mata raken, ba ya cutarwa in ba shi da ciwon suga, yana ma ba shi ɗan ƙarfi, sai dai a wanke shi da kyau. Amma kwana 23 a kan rake da kunu yunwa ce. Hanta tana bukatar abinci mai gina jiki kafin ta gyara kanta. A ba shi wake, kifi, dafaffen ƙwai, nama marar kitse, fate da ganye, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Soye-soye da mai mai yawa ne za a rage, don suna tayar masa da zuciya. Ga ƙaiƙayi, a yanke masa farce, ya yi wanka da ruwa mai ɗan sanyi, ya sa kaya marasa nauyi, akwai kuma maganin da likita zai rubuta in an je. Kada a sayo komai a kemis kafin nan, ko na ciwon kai ne.

Zancen sammu ba zan daɗe a kansa ba. A yi addu'a, a yi sadaka, a yi masa tofi safe da yamma, babu ɗayansu da ke bi ta hanta. Amma a kama sunan bawan Allah da suke cin abinci kwano ɗaya a shago a jingina masa wannan, ba hujja ba shaida, zato ne mai raba zumunci, kuma wataƙila shi ne yake riƙe masa masu kawo ɗinki a yanzu. Ki ja bakinki daga maganar, in ƙanwar ta kawo ki ce Allah ya fi su, ki tashi.

Shi kuma maigida, ki duba abin ta wurinsa. Mutum ne da ya saba fita da safe ya dawo da cefane, yau yana zaune yana susa, uwa tana ba shi umarni, ƙanwa tana kawo labari, aljihu ba komai, sai kuma ya ga matarsa ta ware masa kwano kamar kuturu. Ina zaton ba kuɗin ne kaɗai suka hana shi komawa ba, har da tsoron abin da za a ce an gani. Ki mayar da kwanon nan cikin 'yan'uwansa yau. Ciwon hanta na B da C ba sa bin kwano ko kofi ko gaisawa, ta jini suke bi da saduwar aure da haihuwa. Abin da za a ware shi ne reza, abin yanke farce, buroshi da asuwaki, wanzami ma a dakata da shi, haka mai yankan farce na yawo. Shimfiɗa kuma a yi haƙuri ko a sa kariya har sakamako ya fito. Na A da E ta bayan gida suke fita su koma ta baki, maganinsu sabulu: wanke hannu bayan ban ɗaki da kafin taɓa abinci, wanke masai da buta, kwanuka a wanke su da sabulu kamar kullum. Ki same shi da daddare bayan yara sun kwanta, ki ba shi haƙuri a kan kwanon, ki ce tsoro ne ya sa ki. Daga nan ne za ki samu ƙofar cewa, don Allah Baban yara, ka yi min wannan guda ɗaya, mu je a yi hoton. Maganar kuɗi kuma kada ki ɗauke ta ke kaɗai: akwai 'yan'uwansa, akwai ƙungiyarsu ta teloli, in kina adashi ki roƙi a ba ki ɗaukar wannan zagayen, a manyan asibitoci kuma akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya da ake kai kuka.

Ke ma akwai naki, kuma ba ƙarami ba ne. Ciwon hanta na E, wanda yake wuce wa yawancin mutane salin-alin, yana yi wa mai ciki mugun kamu, musamman a watannin ƙarshe da kike shiga. Daga yau ruwan da za ki sha, na rijiya ne ko na 'yan garuwa, a tafasa shi. A awonki na gaba ki gaya musu mijinki yana da shawara, ki nemi a gwada ki ciwon hanta na B. Ki yi niyyar haihuwa a asibiti, don a yi wa jariri allurar riga-kafinsa cikin awa 24 na farko. Yaran uku ki ciro katunansu ki duba: tun 2004 aka sa wannan riga-kafi cikin na yara a Najeriya, in an cika musu na mako 6 da 10 da 14 to suna da kariya, na zazzaɓin shawara kuma a wata tara ake yi. In kin wayi gari kin ga idonki ya canza, ko fitsarinki, ko amai ya dame ki, ranar za ki tafi asibiti, ba sai ranar awo ba.

Akwai kuma alamomin da in kin gan su a jikinsa ba a jiran izinin kowa, ba a jiran gari ya waye. In ya fara ruɗewa ko sambatu, ko barci ya rinjaye shi da rana ya kasa da dare, ko ya miƙa hannu kika ga yana karkarwa kamar fiffike. In dasashinsa ko hancinsa yana jini, ko ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta. In zazzaɓi mai rawar ɗari ya zo tare da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ciki da ƙafa suka kumbura, ko amai ya hana komai zama, ko fitsari ya ɗauke. Ko ɗaya daga ciki, a nemi Keke Napep a tafi sashen gaggawa. Ki nemi lambar mai keke guda a layinku tun yau ki ajiye a waya.

In ba su bayyana ba, to ki sa ranar Litinin a gaba. Yau ki yi magana da shi, gobe ki ga yayansa, jibi a je wa Hajiya. Daren Lahadi ya ci abincinsa da wuri, da safe kada ya karya saboda hoton, ki ƙulla masa kunu a fulas ya sha bayan an gama. Ki riƙe takardar turawa, da sakamakon gwajin farko, da baƙar ledar nan, da ɗan littafi da za ki rubuta ranar da abin ya fara da duk abin da likita ya ce. Kowace safiya kafin nan ki fito da shi bakin ƙofa ki duba idon a hasken rana, don ƙwan lantarki yana ɓoye launin, ki rubuta ya ƙaru ko ya ragu. In sakamako ya fito, ki ɗauki hotonsa da waya ki ajiye, ki kuma sake rubuto min abin da aka gani da yadda kuka ƙare da Hajiya.